Ranar da Aka Karya Mai Ɗori

Duk wanda ya taɓa karyewa a ƙasar Bungudu a wancan zamani ya san Gambo mai ɗori na Gidan Tambaya, wani ɗan ƙauye da ke bayan Nahuce. Gajere ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, yatsunsa kamar saiwar rogo, amma in ya ɗora su a kan karaya sai ka ce auduga. Ɗori gadon gidansu ne. Yana ɗan shekara tara ubansa ya fara koya masa da ƙafar akuya. Sai ya ɗaure masa ido da rawani, ya ce ya laluba ya faɗi inda ƙashi ya goce. In ya kuskure, ya sha ranƙwashi. Shi ya sa har ya manyanta ba ya kallon karaya in zai gyara ta, sai dai ya lumshe ido ya karkata kai, kamar mai sauraron kira daga nesa.

Kayan aikinsa ba su da yawa: karan dawa da ya fere, da tsumma fari, da man shanu a ƙoƙo. Son aikin kuwa ya kai shi inda mutane ke yi masa dariya. Ranar kasuwar Tsafe sai ya hau mota ya je, ba don saye ko sayarwa ba, sai don ya tsuguna wurin mahauta yana jujjuya gaɓoɓin shanu, yana duba yadda ƙashi ke zama cikin ɗan'uwansa. Gonarsa ita ce ta ƙarshe wajen samun noma duk shekara. Matarsa Luba ta yi mita har ta gaji.

“Malam, ƙashin mutane ba ya cika rumbu,” in ji ta.

Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, “Gobe in sha Allahu.” Goben ba ta zuwa, domin kafin rana ta ɗaga an kawo wani a kan jaki.

Akwai abu ɗaya da ba ya ƙetarewa. In ƙashi ya huda fata ya fito, ko nama ya fara baƙi, ba ya taɓawa, sai ya ce a nufi asibiti a Gusau. A shekarar 1997 wani mai fataucin auduga ya kawo direbansa da motar ta kife da shi a hanyar Tsafe, ƙafar ta kwana biyar har ta fara wari. Gambo ya kwance tsumman, ya mayar, ya ce ba aikinsa ba ne. Attajirin ya roƙa, ya yi alkawarin ba shi bijimi da keke, da ya ga ba ci, sai ya ɗauke shi da mari a gaban jama'a, ya ce matsoraci ne mai zubar da mutuncin gadonsu. Gambo ya tofar da jinin da ya taru a bakinsa, sannan ya kama direban da hannunsa aka sa shi a mota. An yanke ƙafar a Gusau, amma mutumin ya rayu.

Abin da ya raba rayuwar Gambo biyu ya faru ne a kakar shekarar da ta biyo. An yanke dawa an jibge a gonaki, ba a kai ga kwashewa ba. Wata Talata da hantsi shanun wani makiyayi mai suna Buba, wanda rugarsu ke bakin gulbi, suka faɗa gonar Bashar. Bashar kuwa ƙanin Luba ne, ciki ɗaya, ita ta goye shi. Da ya iske shanu a kan dammansa, bai tsaya magana ba, ya zare adda ya sare agarar wata saniya mai ciki. Saniyar ta zube tana kuka. Buba ya ɗaga sanda ya sauke masa a tsakar kai. Sau ɗaya ne. Kafin ya juya manoman da ke gonakin kusa sun rufe shi, wani da fartanya, wani da ƙotar gatari. Suka yi ta jibgarsa har ya daina motsi, suka tura shi cikin kwazazzabo, a zatonsu ya mutu.

Bashar aka fara kawowa a amalanke, jini na fita ta kunnensa. Gambo ya lumshe ido ya shafa kan. Wurin ya loɓa kamar fasasshiyar ƙwarya. Ya janye hannu.

“Wanga ba nawa ba ne. Ku nemi mota, ku yi Gusau da shi yanzu.”

Mas'udu, wan Bashar da Luba, ya riƙe masa riga. “Gambo, ɗan'uwanka ne fa. Ka yi wani abu.”

“Abin da zan iya yi shi ne na faɗa maka. Kada ku girgiza kansa.”

Aka sa shi a bayan a-kori-kura, Mas'udu ya rungume shi suka tafi. Daga cikin gida Gambo yana jin kukan Luba, mata na ba ta baki.

Bai fi sa'a guda ba sai ga wata tsohuwar Bafulatana ta ɓullo ta bayan gari tana jan jaki. A kan jakin Buba ne a kife, fuska a kumbure, ƙafar hagu na lilo kamar ba tasa ba. Uwarsa ce ta tsamo shi daga kwazazzabo. Ta durƙusa a ƙofar zaure.

Gambo ya san ko wane ne. Ya tsaya yana kallonsa, jinin Bashar bai ma bushe a yatsunsa ba. Zuciyarsa ta ce masa ya shige gida ya ja ƙyaure, babu wanda zai ga laifinsa a duk faɗin ƙasar nan. Sannan ya ce wa kansa bari dai ya taɓa ya ji, in ƙashi ya fito ai shi ke nan, sai su yi gaba. Ya taɓa. Ƙwauri ya karye wuri biyu, fata ba ta huje ba. Nasa ne.

Ɗori irin wannan sai da ƙarti biyu masu riƙewa. Ya leƙa waje, waɗanda ke tsaye suka kawar da kai. Sai ya ɗaure ƙugun Buba da igiya a jikin ginshiƙin zaure, ya sa tsohuwar ta danne kafaɗunsa, ya tura masa tsumma a baki. Ya kafa ƙafarsa a bango ya ja. Buba ya yi wani gurnani kamar sa a hannun mahauci, ya suma. Gambo ya bi ƙashin da babban yatsa har ya ji ya zauna, ya jera kara, ya naɗe.

Ana kiran azahar motar ta dawo. Bashar ya cika tun kafin su wuce Bungudu. Ba a ko sauke gawar ba wani ya raɗa wa Mas'udu cewa wanda ya kashe ƙaninsa yana kwance a zauren mijin ƙanwarsa.

Gambo ya ji tahowarsu tun daga nesa. Sun fi mutum talatin, da gora da adda da gatari. Ya fito ya tsaya a bakin zaure, ya buɗe hannuwa ya dafe bango dama da hagu. Mas'udu ne a gaba, rigarsa jiƙe da jinin ƙaninsa.

“Ba mu wuri, Gambo.”

“Ba ni kaucewa.”

“Ka san mi yay yi?”

“Na sani. Ni na taɓa kan Bashar da hannuna. An aika Bungudu, hukuma na tafe. Su ɗauke shi su yi mai abin da shari'a ta ce. Amma wanda na ɗaure wa kara, ba a kashe shi bisa tabarmata.”

“Ɗan'uwanmu ka kore, ka ce ba naka ba ne. Wanga shi ne naka?”

Gambo ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga babu bayanin da zai shiga kunnen mutumin da ya rungumi gawa tun daga Bungudu. Bai sauke hannu ba.

Mas'udu ya ɗaga gora da hannu biyu ya sauke a kan hannun Gambo na dama, ƙasa da gwiwar hannu. Ƙarar ta fito kamar an taka busasshen kara. Gambo ya san ƙasusuwan biyu ne suka tafi tun kafin zafin ya iso. Ya zube a kan gwiwoyinsa, amma a cikin ƙofar ya zube, ya tokare ta da kafaɗa. Wani ya fasa masa goshi da ƙotar fartanya, jini ya rufe masa ido. Wani ya shure shi a haƙarƙari. Suka kama ƙafafunsa za su ja shi waje, ya maƙale dokin ƙofa da hannun hagu. A bayansa tsohuwar ta kwanta a kan ɗanta tana salati.

Sai ga Luba ta fito ta cikin zauren, ba mayafi, idanu jajur. Ta tsallake Buba ba ta dube shi ba, ta tsaya a kan mijinta.

“Yaya Mas'udu, gawa guda ba ta ishe mu ba yau? Bashar na kwance cikin mota rana na dukansa, ba wanda yay yi mai wanka. In kisa kaka so, fara da ni, sai ka haɗa mu ka rufe.”

Gorar ta tsaya a sama. Mas'udu ya dube ta, ya dubi abin da ya yi, ya jefar da ita ya juya. Amma fushin taron bai mutu ba, hanya ya sake. Samari suka kwarara bakin gulbi, suka cinna wa rugar wuta, suka sassare maruƙan da ke ɗaure a turke. Mata da yara suka tsira da kayan jikinsu. Gambo yana kwance a ƙofar zaurensa yana ganin hayaƙin, ba abin da zai iya.

Da la'asar 'yan sanda suka iso. Da za su cicciɓi Buba, Gambo ya ɗago kai da ƙyar ya ce su ciro ƙyauren zauren su kwantar da shi a kai, kada a lanƙwasa ƙafar, kada a kwance karan sai ya kwana arba'in. Suka yi yadda ya ce.

Aka rufe Bashar kafin magariba. Gambo bai samu zuwa ba. Maɗorin da ya fi kusa yana wajen Kekun Waje, kuma babu wanda ya yarda ya je kiransa. Ya ce wa Luba ta taimaka masa, tunda shekara ashirin tana ganin yadda yake yi.

Ta ce, “Hannun da ya gyara wanda ya kashe mini ƙane, shi zan gyara?”

“To, bar shi,” in ji shi.

Da safe hannun ya kumbura ya yi kamar tulu. Yana zaune a inuwar rumbu sai ga ta da kara da tsumma da ƙoƙon man shanu. Ta ajiye ba ta ce masa sannu ba.

“Faɗi yadda ake yi.”

Ya faɗa mata. Ta ɗaure damtsensa a turken akuya, ta kama wuyan hannun ta ja. Ta ja fiye da yadda ya ce, shi ma ya sani, ya ƙyale ta. Yana cikin gaya mata ta bi da yatsa har ta ji ƙashi ya daina motsi, sai duniya ta yi masa duhu. Da ya farfaɗo ya iske ta gama naɗewa, tana zaune ta ba shi baya tana kuka.

An kira shi shaida a kotu a Gusau, hannu rataye a wuya. Ya faɗi cewa dukan sanda ne ya fasa kan Bashar, mutanen Buba suka sunkuyar da kai. Ya faɗi cewa ƙafar Buba ba faɗuwa ce ta karya ta ba, duka ne na mutane da yawa, mutanen garinsu suka yi ta harararsa. Alƙali ya tambaye shi wa ya karya masa hannu.

“Mas'udu ne, wan matata. Amma ban kawo ƙara ba.”

Aka ɗaure Buba shekaru. Mas'udu ya sayar da gonarsa ya koma Tudun Wada a Gusau yana sayar da itace, bai sake taka Gidan Tambaya ba, ko da Luba ta haihu bai zo suna ba.

Wata huɗu zauren Gambo ba kowa. Masu karaya suka riƙa wuce ƙofarsa zuwa wani wuri. A masallaci in ya miƙa hannu, wasu su karɓa, wasu su yi kamar ba su gani ba. Zaman ya yi masa nauyi ƙwarai, har Luba takan same shi yana laluben ƙafar tunkiya lafiyayya. Da damina ta faɗi ya shiga gona da fartanya a hannun hagu, a karo na farko ya gama noman farko tare da mutane. Ya kuma yanke wa kansa cewa daga yanzu safiya ta gona ce, sai in an kawo wanda ba zai iya jira ba.

Hannun ya warke da ɗan karkata, kuma ƙarfin ja bai dawo ba. Da mutane suka fara dawowa, ɗaya bayan ɗaya, kowa da kunyarsa, sai aikin ya zama na mutum biyu: shi ya laluba ya faɗi, Luba ta ja ta ɗaure. Ba ta taɓa ce masa ya yi daidai a ranar nan ba, shi ma bai taɓa neman ta faɗa ba. Kafin shekarar 1999 ta ƙare, matan da a da suke ɓoye targaɗe da karaya don kada namiji ya taɓa su sun fara sallama a gidan, har daga Nahuce da Kekun Waje. In sun zo ba Gambo suke tambaya ba, sai su ce, “Inna Luba na ciki?” Shi kuwa sai ya ɗauki tabarmarsa ya koma gindin bishiyar bedi, ya zauna yana fere mata kara.