Shekarar da Gado Ya Karɓe Mini Tambaya

A gidanmu na Dogon Dutsi, can bayan mishan, hira tana farawa ne da zarar an sauke tukunyar tuwo. Kaka Marta, mahaifiyar babanmu, ba ta yarda a kashe murhu. Sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da garwashi, ko da zafin bazara ne, ta ce ƙashin tsohuwa bai san rani ba. Masallacin maƙwabta yana sallame magariba, mu muna shimfiɗa tabarma. Akwai yayata Rahila, akwai yayyena maza biyu, sai ni auta. Ni take kira maigida, irin wasan kaka da jika, kuma wurina a gefen ƙafarta ta dama yake, ba mai taɓa shi.

Ba ni da surutu. A lakwal ma, makarantarmu ta boko, in mushe, wato malam, ya kira sunana sai muryata ta maƙale, ko da na san amsa. Abin da na iya shi ne saurare da rubutu. Ina da wani kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango, da nake rubuta labaran Kaka a ciki da safe, na kura da dila, na doguwar da ke zaune a kogon dutse, har da ranar da ta ba da kowanne.

Amma akwai labari guda da sau ɗaya take ba da shi a shekara, a makon Faska, idinmu na tashin Almasihu, kuma ba ta buɗe shi yadda take buɗe sauran. Sai ta ce: "Wagga ba tatsuniya ba ce. Da idona na gani, da hannuna na wanke kwanoninta."

Tana da ƙuruciya ta yi shekara uku tana girki a Yamai, a gidan wani likita Bayahude da matarsa, wadda har ta mutu Madam kawai take ce mata. Kowace bazara, in Idin Ƙetarewa na Yahudawa ya matso, gidan sai ya birkice. A share ko'ina, a zazzage aljihun riguna, a kakkaɓe littattafai, don kada ɓurɓushin burodi ko guda ya kwana a ciki. Ana gobe idi likita zai kunna kyandir ya bi lungu-lungu da gashin kaza yana share abin da ya rage, da safe a ƙone. A fito da wasu kwanoni daga akwati waɗanda ba a cin abinci a cikinsu sai a wannan mako. A shekararta ta farko ba wanda ya yi wa Kaka bayani sosai. Ta ga gida ya yi fes, ga baƙi za su zo, ga babu burodi ko ɗaya, sai tausayi ya kama ta. Ta tare mai burodi a bakin titi, ta sayo dogaye guda huɗu, ta yanka su a kan teburin da aka kwana biyu ana gogewa. Madam ta shigo, ta dafe kai, ta zauna a ƙasa. Kaka takan ce ba ta san ko kuka matar take ko dariya ba, sai da aka sake ɗaukar tsintsiya ta gane duka biyun ne.

Daga nan take shiga labarin jibin kansa, wato cin abincin daren idin. Faranti a tsakiya, da gasasshen ƙashi, da ƙwai, da ganye mai ɗaci, da ruwan gishiri, da wani kwaɓi mai zaƙi mai kama da laka. Gurasa busasshiya marar yisti. Kowa ya jingina ta hagu kamar basarake, domin bawa ne ke ci a tsaye. A ɗiga ruwan inabi sau goma a bakin faranti saboda annoba goma da suka sami mutanen Masar, wai ba a shan kofi cike a kan wahalar wani, ko da maƙiyi ne.

Kaka ba ta tsaya ga faɗi ba. Takan ce idin na masu shi ne, ba namu ba, amma labarin nan da harshe ake jin sa. Don haka takan kwaɓa garin alkama da ruwa, ta gasa a kasko da sauri. Ta kawo anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake ci a shekarar yunwa. Ta daka dabino da gujiya, ta jiƙa zoɓo. Kuma kafin ta ce komai a kan bayin da suka yi wa Fir'auna tubali, da yadda suka fita cikin gaggawa kullunsu bai tashi ba, da tekun da ya dare, dole sai an tambaye ta. A gidan likita haka ake yi. Mafi ƙanƙanta a cikin yara shi zai miƙe ya tambayi abin da ya bambanta wannan dare da sauran darare, sannan babba ya amsa.

Tun ina shekara shida ni ne mai tambaya. Tambayoyi huɗu ne, na jera su a kaye, na haddace. Dare guda kenan a shekara da kowa a gidan ke yin shiru don ni, har Baba. A daren nan muryata ba ta taɓa maƙalewa ba.

Ina shekara goma Gado ya zo. Ɗan gwaggona ne daga Kore Mairuwa, babansa ya tafi ci-rani bai dawo da wuri ba, aka kawo shi wurinmu ya shiga lakwal. Shekararsa bakwai, ba haƙoran gaba, ga baki kamar rediyo. A matsayinsa na taubashina yana da izinin tsokanata, kuma bai bar izinin ya yi tsatsa ba, tun ranar farko ya laƙaba mini suna Mushe. Mako bai cika ba Kaka ta fara ce masa ango. Ta ce ta gaji da maigida mai shiru, ta yi sabon aure. Kowa ya yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora, amma daren nan na kasa cinye tuwona.

Na haƙura da sunan, na haƙura da ya riƙa kwanciya a kan ƙafarta ta hagu. Abin da ban zata ba shi ne tambayar. Ana saura kwana biyu, Kaka tana tankaɗe gari, ta ce in koya wa ango abin da zai faɗa. Na ce ban yarda ba. Na kawo mata hujjoji, don na kwana ina shirya irinsu ko da wani zai yi mini gardama. Na ce ba a gidan aka haife shi ba. Na ce bai iya karatu ba. Na ce zai ɓata jerin. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ɗan likita na fari shekararsa sha biyu, yana karanta rubutunsu kamar ruwa, amma ƙanwarsa mai shekara biyar ake ɗorawa a kan kujera tana in'ina.

"Ƙarami shi ka tambaya, maigida. Ba ni na aza dokar ba."

Ban koya masa ba. Na ce masa na manta inda na ajiye kayen.

Daren ya zo. Aka jera komai a faifai, Kaka ta karya gurasa gida biyu, ta naɗe babban ɓarin a ƙyalle ta shiga da shi cikin duhun gida. Wannan ma al'adar gidan likita ce: a ɓoye ɓari guda, bayan an ci yara su nemo shi, kuma ba a tashi daga jibi sai an same shi kowa ya ci. Da ta dawo ta zauna, sai ta dubi Gado. Ya miƙe yana sosa ƙeya, ya leƙa faifan, ya leƙa murhu, ya ce:

"Kaka, mi ya sa yau babu tuwo?"

Rahila ta faɗi kan tabarma don dariya. Na jira Kaka ta gyara masa, ko ta juyo ta ce in nuna masa yadda ake yi. Ba ta ko dube ni ba. Ta tafa hannu ta ce tun da take yin wannan abu ba a taɓa yi mata tambaya mai daɗin wannan ba, domin mai ita da yunwarsa ya yi ta. Ta ja shi jikinta ta fara labari, kuma a kunnena ba ta taɓa ba da shi da daɗi kamar ranar ba. Ya katse ta ya fi sau goma. Ko bayin suna da takalma? Ko kifaye sun faɗo da tekun ya dare? Duk ta amsa. Shekara huɗu ina tambaya, ban taɓa katse ta ba, ina ganin ladabi ne.

Na san maɓoyar Kaka. Uku ce, kuma bi da bi take yi, na lura tun tuni: ƙarƙashin turmi, bakin rumbu, cikin fasasshen tulu. Bana ta tulu ce. Na ce zan ɗebo ruwa, na zaga, na zare ƙyallen na tura cikin jakar lakwal ɗina, na dawo na zauna.

Da aka ce a nema, yayyena suka yi kamar suna nema, suka bar wa ƙarami. Gado ya kife turmi, ya hau rumbu, ya shiga akurkin kaji ya fito da gashi a ka. Kaka ta yi masa nuni da haɓa wajen tulu, ya zura hannu ya fito da wofi. Tun yana dariya har ya daina, ya tsaya tsakar gida. Baba ya ce ƙila akuya ce ta cinye, a bar shi haka nan, yana son jin labaran duniya. Kaka ta ce ba mai tashi. Muka zauna, garwashi yana zama toka, Gado yana shessheƙa. Ina so in ce tausayi ya kama ni, amma gaskiya daɗi na ji, daɗi mai nauyi.

Can Kaka ta gyara zama, ta yi magana tana kallon wuta. Ta ce ta tuna, a gidan likita wata shekara yaran ne da kansu suka sace gurasar, kuma ba a buge su ba. Al'ada ta yarda. Wanda ke riƙe da ita yakan faɗi abin da yake so, uban gida ya fanshe ta. Ta ce in akwai ɓarawo a tabarmar nan, ya fito a yi ciniki.

Na tashi na ɗauko. Gefenta ya ɗan farfashe a cikin jaka. Na tsaya gabanta, idanun kowa a kaina, na ce:

"A maido mini tambayata."

Ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Biɗi wani abu, maigida. Wagga ba ni iya ba ka. Ba Gado ya amshe ta ba, girma ne."

Gado ya share hanci da bayan hannu ya ce shi ba ya so, Mushe ya riƙe abinsa, shi tuwo ya fi so. Wannan kyauta ta fi duka ciwo. Abin da na yi sata a kansa, shi ko a jikinsa. Kaka ta ce masa ya rufe baki, ba tasa ba ce balle ya bayar, shi ma aro aka ba shi. Ta ce in na yarda, baɗi ni zan amsa tambayar a madadinta. Na gyaɗa kai don a daina kallona. Aka rarraba gurasar muka ci, ba ta da ɗanɗanon komai.

Baɗin na gwada. Na karanta daga kaye, daidai, ban tsallake annoba ko ɗaya ba. Kafin in kai bakin teku Gado yana wasa da ƙwaro, Rahila tana hamma, Kaka ta karɓa a hankali ta ƙarasa. Bayan shekara uku 'yar da Rahila ta haifa ta iya magana, tambaya ta koma wurinta, Gado bai ma lura an karɓe masa wani abu ba.

Kaka ta rasu ina lise, makarantar sakandare. Yau ina aiki a ɗakin karatu a Yamai, na karanta abin da masu idin suka rubuta a kan idinsu, na ga inda ta faɗa daidai da inda ta haɗa da nata. Gado kuwa direba ne, yana jigila tsakanin Dutsi da Dogon Kiriya, kuma shi ya ci gaba da gasa gurasar a gidansa. Bara na je a makon Faska. Autarsa ta yi tambaya, ya fara labari da muryar Kaka sak, har da yadda take jan numfashi. Annoba bakwai ya lissafa maimakon goma, ban gyara masa ba. Sai na ji ya ce a shekara ta uku Madam ta hana Kaka tsayawa a madafa, ta zaunar da ita a teburi, ta jingina mata matashi ta hagu. Ya ce kafin a ci, matar ta kira sunayen mahaifiyarta da 'yan'uwanta biyu da aka kashe a babban yaƙin Turai saboda su Yahudawa ne, sannan ta ce wa Kaka ita ma ta kira nata matattun, ta kira.

Ban taɓa jin wannan ba. Da yara suka watse neman gurasa na tambaye shi inda ya samo shi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wata rana suna ɓarar gujiya ya tambaye ta ko ta taɓa cin abincin ko wanke-wanke kawai take yi.

Na daɗe ina ɗaukar maganar Kaka a kan girma a matsayin lallashi. A tabarmar Gado na gane abin da ta ji a daren da ya tambayi tuwo. Ni ina miƙewa ne don a ji na iya, amsar tana cikina tun kafin in buɗe baki, shi kuwa bai sani ba kuma bai ji kunyar rashin sanin ba. Ganewar ba ta warkar da ni ba. Da furfura a gemuna na zauna ina kishin taubashina, fiye ma da na da, domin yanzu na san girman abin da ya samu. Tambayoyina na gaske sun zo a makare, mai amsa su tana kwance a maƙabartar mishan.

Na daure na ce masa: "Su wa ta kira?"

Ya dube ni yana murmushi irin na tsokana.

"Kai dai ba ƙarami ba ne, Mushe. Amma matso kusa."

Na matsa.