Bindigar da Ke Cijewa a Hannun Errol Kaɗai

Errol Tweedie ya shekara arba'in da ɗaya yana askin tumaki a gonakin da ke kewaye da garin Gore, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa fashin Asabar ɗin farko ta watan Mayu ba, ranar da ake buɗe farautar agwagi. Shi da amininsa Rewi suna da bukkar ɓuya a bakin wani tafki, wadda suka haɗa da tsohon kwano tun ba su yi aure ba. Errol ba ya yawan magana, ba ya zuwa asibiti, kuma ya yi imani babu ƙarfen da mai ba ya gyarawa.

Bana, saura mako uku a buɗe farauta, ya jingine bindiga mai baki biyu da ya gada wurin mahaifinsa, ya sayo sabuwa, irin wadda idan ka harba take tofar da kwanso ta ɗauki wani harsashi da kanta. Ya ce wa matarsa Noeline zamani ne ya zo da haka. Gaskiyar magana kuwa, an ce masa irin wannan ba ta dukan kafaɗa sosai, kafaɗarsa ta dama kuma tun askin bara ta hana shi sakat. Bai gaya wa kowa ba. Ya san Noeline na ji sai likita, likita kuma sai wuƙar tiyata, shi ke nan farautar bana ta wuce shi.

Ya kai sabuwar bindigar bayan rumfar aski ya gwada. Harbin farko ya fita lafiya, amma kwanson ya tsaya a gefe, rabi ciki rabi waje, kunama ta ƙi motsi. Ya zare shi da yatsa ya sake. Haka dai. Errol bai damu ba, ya ɗauko gwangwanin man da yake ɗura wa injin aski ya yi mata wanka da shi. Da safe, cikin sanyin da ya daskarar da ruwan kwatarniyar karnuka, man ya yi kauri, bindiga ta ƙi ko buɗewa yadda ya kamata.

Rewi ya zo ya tarar da shi hannu dumu-dumu. Ya shinshina bindigar, ya dube shi.

"Tsoho, harba ta za ka yi ko soya ta?"

Suka kwance ta ɗaiɗai a kan teburin da ake shimfiɗa gashin tumaki, suka goge man Errol, suka tarar da wani man na masana'anta a ƙarƙashinsa mai danƙo kamar zuma, shi ma suka goge. Rewi ya rantse matsalar ke nan. Errol ya harba, ta cije. Rewi ya ce to harsashin ne ba shi da ƙarfi, sabuwar bindiga sai an fara hora ta da masu nauyi. Suka sayo masu nauyi. Errol ya harba, ya ji kamar an soka masa ƙusa a kafaɗa, ya haɗiye zafin, kwanso kuma yana nan a maƙale yana kallonsa. Ya yi kwana biyu da ɗan littafin da ya zo da ita, tabarau a kan hanci, yana juya wani zobe na cikin bindigar gaba da baya don ya kasa gane wace fuskar ce ke kallon baki. Ta kowace fuska ya sa shi, sai ta cije.

Saura kwana biyar suka kai ta wurin Ngaire, mai gyaran bindigogi a gari, wadda ba ta da haƙurin dogon bayani. Ta duba ciki, ta fita da su fili, ta ɗura biyar ta harba su a jere. Kwanso biyar a ƙasa. Ta miƙa wa Rewi, shi ma biyar. Aka miƙa wa Errol. Ɗaya, ta cije.

Nan kansa ya ƙulle gaba ɗaya. Harsashi ɗaya, bindiga ɗaya, wuri ɗaya. Ƙarfe kuma ya san mutum ne? Ngaire ta ce irin wannan bindigar da ƙarfin bugun da take yi baya take aiki, dole sai ta sami abu mai tauri ta dogara da shi, sannan ta tambaye shi ko yana matse ta sosai a kafaɗa. Errol ya ce tun ba a haifi Ngaire ba yake harbi. Rewi kuwa ya tsuguna yana tsintar kwanso.

A gida ya cire rigar sanyi ya gwada, ya cire safar hannu ya gwada, ya canza tsayuwa. Har ya fara zargin idonsa. Ranar Juma'a da yamma ya ɗaga bindigar babu harsashi a gaban tagar rumfa, sai ya ga kansa a gilashi. Tsakanin gindin bindigar da kafaɗarsa akwai rata ta yatsa biyu. Ya sauke ya sake ɗagawa, ratar ta dawo. Kafaɗar ce ke ja da baya da kanta, tun yaushe bai sani ba. Ya daɗe a tsaye, kunya da tsoro suka rufe shi. Mako uku yana kwance ƙarfe yana ɗaurawa, ashe ƙarfen lafiyarsa ƙalau.

Asabar da asuba suna cikin bukka, hazo ya rufe tafki, karyarsa Moss na rawar jiki a gefen ƙafarsa. Rewi ya busa usur mai kukan agwagwa, agwagi huɗu suka karkato suna saukowa. Errol ya cusa gindin bindigar daidai inda ke ciwo, ya danne da duk ƙarfinsa, ya ja. Ɗaya, biyu, uku. Kwanso uku suka buga kwano suka faɗi, agwagwa ɗaya ta faɗo ruwa, Moss ta yi tsalle. Idonsa ya kawo ruwa, hannun dama kuma ya ƙi sake ɗaguwa. Ya jingine bindigar a hankali da hagu.

"Ka ga ta gyaru," in ji Rewi. "Mene ne ya dame ta?"

"Mai ne ya yi yawa."

"Haka ne, mutumina. Mai ne."

Rewi ya buɗe fulas ya zuba shayi. Shekara arba'in yana miƙa masa kofi ta dama. Yau ya zagayo ta bayansa a cikin 'yar bukkar, ya sa masa a hannun hagu, ya riƙe har sai da yatsun Errol suka kama.

"Litinin ni zan tuƙa ka asibiti," ya ce. "Noeline kuwa, kai za ka gaya mata."