Baba Mai Agogo da Lambun Tsakuwa

Baba Mai Agogo maƙwabcina ne. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nawa, gajeriya, har idan ya yi tari matata kan ce masa sannu. Ni aski nake yi, kuma tun ina koyon riƙe almakashi na san shi da ɗan teburinsa a ƙarƙashin matakalar wani bene kusa da tashar mota. Yana da wani ƙaramin madubi mai ƙara girman abu, wanda yake maƙalawa a idon dama ya runtse na hagu. Da ya buɗe bayan agogo ya leƙa, ba ya daɗewa zai ce maka ga abin da ya karye, ko ga inda datti ya tsaya. Mutum ne marar yawan magana, kuma ba ya saurin yarda da abin da bai gani da idonsa ba.

Sana'ar ta yi ta ja da baya tun da kowa ya koma duba lokaci a waya. Daga baya hannunsa ya fara rawa. Ranar da ya ɓata rabin yini yana laluben wata 'yar kusa a ƙasa bai same ta ba, ya tattara kayansa ya dawo gida, bai sake komawa ba.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya kwance rediyo ya mayar, ya kwance fanka ya mayar, har Inna matarsa ta fara ɓoye dutsen gugarta a ƙarƙashin gado. Ana cikin haka mai kemis na bakin titi zai bar shagonsa. Yana da wani tankin gilashi da ya taɓa zuba kifayen ado a ciki, sun daɗe da mutuwa, sai ya ce Baba ya ɗauka in yana so. Baba ya turo shi a baro ya ajiye a baranda kusa da taga. Da Inna ta tambaye shi amfaninsa, ya ce shi ma bai sani ba tukuna, amma gilashi mai kyau haka ba a yar da shi.

'Yarsu Auta, ma'aikaciyar jinya ce a wani gari, ita ta zo hutu ta ga tankin. Ta ce, "Baba, ai lambu za ka yi da wannan." Ta nuna masa bidiyo a waya: wani mutum yana magana da sauri cikin harshen da Baba ba ya ji, kifi a ƙasa, ganye shar a sama, ruwa yana zagawa. Ta yi masa bayani. Kifi zai ci abinci ya yi kashi a ruwa, ɗan inji ya tura ruwan sama cikin baho mai tsakuwa, shuka ta sha abin da ke ciki, ruwan ya dawo wa kifi a tace.

Baba ya ce, "To ƙasar fa?"

"Babu ƙasa, Baba. Tsakuwa kawai."

"A kan dutse za a yi noman?"

Inna daga ƙofar kicin ta ce ita dai kada wanda ya kawo mata ganyen kashin kifi cikin tukunya. Baba ya ce taki ma ai ba turare ba ne. Daga jin yana kare abin na san ya riga ya shiga.

Haɗa kayan bai ba shi wuya ba, don aikin hannu ne. Ya kafa katako a saman tankin, ya ɗora bahon roba, ya huda gindinsa ya sa bututu. Tsakuwa ya roƙo a wurin masu gini. Ya samo ɗan injin tura ruwa da tiyo siriri, ya je wurin wata mai sayar da 'ya'yan kifi a bayan kasuwa ya karɓo ƙananan tarwaɗa a leda. Ya yafa irin latas da alayyafo a kan tsakuwar, yana yi yana girgiza kai. Ranar farko da aka ɗauke wuta, ruwan bahon ya biyo tiyo ya koma ƙasa gaba ɗaya, tanki ya cika ya tumbatsa har ƙofar ɗaki, takalman Inna suna iyo. Wannan bai dame shi ba. Ya zauna ya bi tiyon da ido, ya gano dalili, ya huda masa 'yar kafa a sama, magana ta ƙare. Ranar har waƙa na ji yana yi ta hanci.

Bayan Auta ta koma ne abin ya rikice. Ruwan ya fara yin fari-fari kamar an wanke shinkafa a ciki, sannan ya soma wari. Kifayen suka taru a sama suna buɗe baki. Baba ya yi abin da ya yi wa kowane agogo mai datti tsawon rayuwarsa. Ya kwashe kifin a bokiti, ya zubar da ruwan, ya wanke tankin, ya wanke tsakuwar da sabulu har tana ƙyalli, ya cika da sabon ruwan famfo. Washegari kifi biyu sun juya ciki sama. Ya ce to wankin ne bai isa ba, ya sake. Wasu suka sake mutuwa.

Ya koma wurin mai kifi. Ta ce ya zuba gishiri kaɗan, kuma ya ƙara musu abinci, yunwa ce. Mai gyaran famfo da ya zo aski shagona ya ce injin ne ya yi ƙanƙanta, a sa babba. Wani mai sayar da irin shuka ya ce kada gishiri ya kusanci ganye ko da wasa, kuma abincin ne ya yi yawa. Baba ya dawo ya zauna a bencina, ba aski ya zo ba. Ya ce, "Maƙwabci, mutum uku, magana huɗu. Wa zan bi?" Na ce masa ni iyakata kai da gemu.

Da yamma ya kira Auta, ina zaune. Ya ɗaga muryar wayar don Inna ma ta ji. Da ya gaya mata ya wanke tsakuwar da sabulu, sai ta ce, "Baba, ka kashe su."

"Kifin? Ai su nake ceto."

"Ba kifin ba. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da suke zama a jikin tsakuwar. Su suke juya kashin kifin ya zama abincin shuka. In babu su, kashin guba ne. Sai ka bar su sun taru, kuma suna ɗaukar lokaci."

"Waɗanne ƙwayoyi? Da hannuna na wanke ta, ba komai a jiki."

"Ido ba ya ganinsu."

Baba ya gyara zama. "Auta, ba ke ce kike hana mu cin abinci sai mun wanke hannu ba, wai ƙwayoyin cuta? Yanzu kuma kiwonsu zan yi?"

Ta ce waɗannan daban ne, na kirki ne. Ta ƙara da cewa ruwan famfo ma akwai maganin da ake sa masa wanda ke kashe su, don haka ya riƙa tara shi a bokiti ya bar shi ya huta kafin ya zuba. Bayan an kashe wayar Inna ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin ruwa ya gaji ba.

Washegari da safe na leƙa ta katanga na gan shi tsugune a rana, ya maƙala madubinsa na agogo a ido, yana jujjuya ƙwayar tsakuwa ɗaya da ɗan hantsaki. Ya daɗe a haka. Ya ajiye ta ya ɗauki wata. Da ya ɗago ya gan ni ya ce, "Babu kowa a nan." Can kuma ya ce, "Ni yanzu ban ma san kiwon me nake yi ba. Kifi ne, ganye ne, ko waɗannan mutanen da ba a gani?"

Ya bi maganar Auta, amma rabi da rabi. Ya daina sabulu, sai dai hannunsa ba ya iya zama. Yau ya rage ruwa, gobe ya matsar da baho, jibi ya tone tsakuwa don ya ga ko saiwa ta fito. Latas ɗin ya tsiro ya tsaya cak, rawaya-rawaya, kamar yana jiran a ba shi izini. Kifi 'yan kaɗan suka rage. Baba ya rame. Na taɓa jin ya ce wa Inna da agogo ne da tuni ya san inda ciwon yake, amma wannan abin ba shi da bayan da za a buɗe.

Sai Inna ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Aka kai ta asibitin da Auta ke aiki, aka yi mata aiki, Baba ya bi ta ya tare a can. Kafin ya shiga mota ya miƙo mini makulli da gwangwanin abincin kifi. Ya ce in zuba ɗan abin da yatsu uku za su ɗauka da safe, in ƙara ruwan bokiti idan ya ragu, kada in taɓa komai. Bai ko waiwayi tankin ba, hankalinsa yana kan matarsa. Sun yi makonni a can. Auta ta ce mini shi yake ba Inna abinci a baki, yana lura da ɗigon ruwan da ake ƙara mata har ma'aikatan suka saba da shi.

Ranar da suka dawo, bayan an kwantar da Inna, ya fito baranda ya tsaya. Ruwan tankin ya yi garau, ana hango ƙasansa. Tarwaɗan sun yi ƙiba suna ta kai da kawowa. Latas ya buɗe ya rufe rabin baho, alayyafo ya tashi. A gefe guda kuma ga wata shukar tumatir ta kama ƙarfen taga tana hawa, har ta fara fure.

Na zaci zai yi murna. Sai ya juyo ya ce, "Me ka zuba?"

"Abin da ka ce, Baba."

"Bayan shi fa?"

"Ba komai."

"Maƙwabci, mun daɗe tare. In wani magani aka ba ka, gaya mini, ba zan ji haushi ba."

Na rantse masa ban ko taɓa tsakuwar ba. Ya nuna tumatirin ya ce shi bai shuka wannan ba. Na ce ni ma haka. Muna cikin wannan sai muryar Inna ta fito ta taga, a raunane, ta ce ita ce ta matse wani ruɓaɓɓen tumatir a wurin tun kafin ta faɗi, don ta ga ƙarshen ƙaryar lambun dutse. Baba ya zauna a kan bokiti. Ya ce abin da ya yi ta wahala a kai ya ƙi, ya juya baya ya yi, kuma wanda aka jefa don gatse ya fi kowa tsawo. Auta, da ta rako su gida, ta ce ƙwayoyin ne suka samu sukuni suka taru. Ya ce ya ji, amma jin bai kai masa ciki ba.

Tun daga nan lambun yake ba su ganye. Inna, da ta fara takawa da sanda, ita take tsinka da kanta, ba ta sake tayar da zancen tukunya ba, mu ma ba mu tuna mata ba. Mutanen layinmu suka fara shigowa kallo. Duk wanda ya tambaye shi yadda abin yake aiki, Baba zai nuna masa inji da tiyo da 'yar kafar da ya huda, ya yi bayaninsu dalla-dalla. In aka zo kan tsakuwa sai ya ce, "Nan kuma wai akwai masu aiki a ciki. Ban taɓa ganinsu ba. An ce kada a dame su." Ya haɗa wa matata irinsa a cikin tsohuwar randar roba, komai iri ɗaya da nasa, tsakuwar ma daga wuri ɗaya. Namu alayyafo ya yi, latas ya ƙi. Ya zo ya zagaya shi ya fi a ƙirga, bai gano bambancin ba.

Makon jiya ya kira ni ta katanga. Na shiga na tarar wasu ƙananan dodon koɗi, ba su kai ƙwayar wake ba, sun manne a jikin gilashin daga ciki. Ya ce shi bai sa su ba, Inna ta ce wannan karon ba ita ba ce, tankin kuma ba ƙofa gare shi ba balle a ce shigowa suka yi. Ya tambayi mai kifi ta ce ya kwashe su duka, za su cika masa tanki. Ya kira Auta ta ce ya bar su, gansakuka suke ci. Ya tsaya yana kallonsu, hannu a baya, har shayinsa ya huce. Daga ƙarshe ya aike ni kicin na ɗauko masa cokali. Ya kankare na ɓangaren hagu ya zuba a gwangwani, ya bar na dama, ya ce in tayar masa da maganar ƙarshen wata mu ga wanda ya yi gaskiya. Na ce ai na daman za su rarrafo hagu. Ya dube ni, ya dubi tankin, ya ce wannan kuma bai yi tunaninsa ba.