Layin da Na Ja a Kan Kurmi

Ina ofis a unguwar Mushairib, a Doha, Goggo ta kira ni. Ƙanwar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage a gidanmu na ƙauye, kuma ba ta saba kira ranar aiki ba. Bayan mun gaisa ta ce wasu mutane sun zo sun kafa turaku masu jan fenti, tun daga bakin rafi har tsakiyar maƙabarta. Bututun gas wani kamfani zai binne. Turke ɗaya ma yana dab da kabarin Baba.

Sana'ar da ta kawo ni Doha ke nan, zana hanyar da bututu zai bi. Da ita nake riƙe iyali, da ita na kai Goggon kanta Makka.

Ƙauyenmu rafi ne ya raba shi biyu. Mu Hausawa muna wannan gefe, Gbagyi suna ƙetare, kuma su muka tarar. A hannunsu kakanninmu suka roƙi wurin zama. Goggo ta ba ni labarin cewa wata tsohuwarsu, maginiyar tukwane, ita ce ta fara tsallako rafi ta same ta. Turakun sun ratsa gonakin doyarsu, sun kuma yanke burtalin Fulanin da ke ruga a bayan gari. Tsohuwar ta bi gida gida har ta haɗa kowa a gindin tsamiya, aka yi alkawarin baki ɗaya. Kullum da safe sai a shimfiɗa tabarmi a gaban turakun a zauna, mata da maza, liman da mai wa'azin coci.

"Kai da ka san abin," in ji Goggo, "ba a iya kauce wa kabari ne?"

Na ce ana iyawa.

Ranar Juma'a, da na dawo daga masallaci, na zauna a falon gidana a unguwar Thumama na buɗe taswirar da ake ɗauka daga sama. Na ga rafin, na ga rufin gidanmu, na ga maƙabarta. Ta gabas akwai wani duhun itatuwa, ba gida ba gona. Na ja layi ya lanƙwasa ya bi ta ciki. Kafin matata ta sauke abinci na gama. Na tura wa Goggo, na ce ta ba mai unguwa ya nuna a wurin taro, amma kada a ambaci sunana, don ban san yadda wurin aikina za su ɗauki zancen ba.

Mutanen kamfanin suka karɓi layin hannu bibbiyu. Goggo ta ce har cewa suka yi wanda ya ja shi ya san aiki. Na ji daɗin wannan magana, na kai abokin aikina shan shayi a unguwar Mirqab ina ba shi labari.

Duhun itatuwan nan kurmin Gbagyi ne. A ciki suke binne manyansu, gatari ba ya shiga, baƙo ma ba ya shiga. Na san da shi. Muna yara an sha ja mana kunne a kansa in za mu je tsinkar ɗinya. Amma na bar gida tun makarantar kwana, kuma ban taɓa ganinsa daga sama ba. Ban tambayi kowa ba.

Goggo ta sake kira, wannan karon da hoto. Tsohuwar tana zaune a gefenta, da busasshen yumɓu a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, sannan ta ce, "Ɗana, naku sun huta. Namu fa, ina za su kwanta?"

 Goggo ta kawar da kai daga wayar.

Daga nan tabarmi ta fara raguwa. Mazan gefenmu da yawa suka ce tunda maƙabarta ta tsira, su za su koma gona. Liman ya yi magana a kan alkawari, wasu suka dawo, wasu ba su dawo ba. Fulani ba su fasa ba ko sau ɗaya. Goggo kuwa, da ciwon gwiwarta, kullum sai ta tsallaka rafi.

Na ja wani layin ta yamma, ta cikin marmara inda ba kowa. Da aka sake taro aka ɗora waya a kan kujera, na faɗi sunana da na mahaifina, na ce kuskurena ne, ga gyara. Mutanen kamfanin suka saurare ni da ladabi, suka ce hanyar yamma ta yi tsawo, ga dutse, kuma an riga an amince da wadda na fara ja. Zaman tabarmin ne ya tilasta su suka ɗan ja baya. Katafila ta cinye bakin kurmin, ta kayar da manyan maɗatai, tsakiyar ta tsira. Ranar da aka yi saran Goggo tana can tare da matan Gbagyi, ba ta ci komai ba har la'asar.

Da babbar Sallah na je gida. Na ziyarci kabarin Baba, na yi addu'a, amma ban iya daɗewa ba. Washegari na tsallaka rafi. Na tarar da tsohuwar tana gasa tukwane. Ta sa aka kawo min ruwa. Na durƙusa na ce ta yafe min.

Ta ce ita ba ta riƙe ni da komai ba, amma ba ita aka taɓa ba. Ta nuna wajen kurmin da haɓa. Waɗanda aka taɓa suna ciki, ni kuma ba ni da izinin shiga. Na je na tsaya a bakin jar ƙasar da aka baje, ina kallon kututtura.

Da na dawo yi mata sallama ta ce an kafa turaku a wani ƙauye can gaba, mutanen sun aiko a je a gaya musu yadda aka yi a nan. Ranar Talata za su tafi, ita da Goggo da ardon Fulani.

"In za ka zo, ka zo," ta ce. "Amma ka fara jin bakin masu wurin."

Na ce to. Ban iya gaya mata ba cewa jirgina na komawa Doha ranar Litinin ne.