Dashen da Ya Kama Ƙasa

Jiya muna tsaka da dashen shinkafa a fadamarmu ta Auyo, sai maƙwabcin gonarmu, Malam Idi, ya tambayi Baba labarin ƙanina Sadiƙu. Shekara biyar ke nan yana Malesiya, inda ya yi karatu a reshen wata jami'ar Ingila.

"Alhaji, an ce fa takardar reshe ba ta kai ta uwar jami'ar daraja ba," in ji Malam Idi.

Raina ya ɓaci, amma Baba ya riga ni magana. Ya ɗaga ɗaurin irin da ke hannunsa.

"Malam Idi, wannan a can gefe na raine shi, na kawo shi nan. Ya fasa zama shinkafa?"

Muka yi dariya, ban da Baba. Ya sunkuya yana cusa irin cikin laka, ya ce a hankali, "Ni ba takardar ke damuna ba. Dashe in ya kama ƙasa, ba ya komawa inda aka ciro shi."

Sadiƙu ya gama tun bara, ya samu aiki a can. Wallahi har muka tashi ban iya haɗa ido da Baba ba.

Jama'a, ku naku da suka tafi sun dawo kuwa?