Ka Bar Mini Inji a Buɗe, Malam Ashafa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, 8 ga Yuni, 1999, ƙasa na cikin murnar komawar sojoji bariki, Allah ya karɓi ran Malam Ashafa bakanike na Ƙofar Mazugal, bayan zazzaɓin da dukanmu muka raina. Ni Yero direba, abokinsa na ƙuruciya, ina wajen mai shayi labarin ya riske ni.

Malam Ashafa, kai ba ka da saurin aiki, kuma na sha gaya maka. Wani bakaniken kafin ka gama sallama ya kwance inji. Kai sai ka tambayi mutum ina yake zuwa kullum, me yake ɗauka, a ina yake shan mai. Daga nan ka wanke hannu ka shige gaban mota, a kai ka hanyar ka ji da kunnenka. Na ga wata bazawara a Kabara da ka hana sayar da motar mijinta, ka gyara ta kyauta, har yau ita ke ciyar da marayunta.

Da injin a-kori-kurata ya gaji, na sayo na Beljiyam mai turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska, a Ƙofar Ruwa, aka ɗora. Na zo maka da buri, na ce a ƙara masa matsi, a kuma buɗe wa turbo iska har ƙarshe. Ka yi dariya har da hawaye.

"Kai da ka taso kana bin shanu a ƙafa, yau tsere kake so da jirgi? Yero, in ka haɗa biyun, da man 'yan bumburutun da kake sha, fistin zai narke kafin ka kai Wudil."

Ka zaunar da ni a benci ka nuna mini gasket biyu, faifan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kan inji, siriri da mai kauri. Siririn yana ƙara matsi, mota ta tashi da sauri a cunkoson Kabuga, amma sai a rage wa turbo iska. Mai kaurin yana rage matsi, ya ba turbo fili a babban titi, ya kuma jure mai marar kyau, sai dai cikin gari mota ta yi nauyin jiki. Ni kuwa rabin yinina a lungunan birni yake, rabi a titi da buhunan dusa. Ka ce ba za ka yanke shawara ba sai ka bi ni.

Ranar kasuwar Wudil muka tafi. Ka rufe ido, ka hana ni kunna rediyo, ko tarina ba ka so. Da muka dawo ka kwance kan injin, ka rataye gasket ɗin biyu a ƙusa, ka ce, "Na ji abin da nake nema. Bari jikina ya saki, zan gaya maka."

Jikin bai saki ba. Bayan sadakar bakwai na koma garejin, na tarar da injin a lulluɓe da buhu. Da motar nan nake ci da iyalina, ba ta zama. Duk bakaniken da na kira sai ya ce, "Wanne kake so, Alhaji?" Babu wanda ya tambaye ni hanyata. A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Na sa an ɗaura mai kaurin, don na san ka da tsoron jawo wa mutane asara. Motar tana tafiya lafiya, amma a Kabuga sai ta yi ta jan jiki 'yan acaɓa na yi mini oda. Kullum a nan nake tambayar kaina ko siririn ka zaɓa. Kewarka ta dame ni, Ashafa, ba ni da wanda zan yi wa mita.

Ya Allah ka gafarta wa bawanka Ashafa, ka yalwata kabarinsa, ka sanya Aljanna Firdausi makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa Hajiya Bilkisu, da 'ya'yansa Tajuddeen da Ikram, da duk masu garejin Mazugal. Allah ya ba mu haƙuri. Ya sa tamu ta yi kyau, ya haɗa ni da kai, Ashafa, a inda zan sami amsata.