Motar da Baffa Zai Iya Turawa

Na shekara goma sha ɗaya a layinmu na Hay el-Sabi' ban mallaki mota ba, kuma ban ji na rasa komai ba. Karatu ne ya kawo ni Alƙahira. Da na gama, sai Allah Ya buɗe mini ƙofar tafinta, ina raka 'yan kasuwarmu masu zuwa sari kasuwar Ataba, da marasa lafiya masu zuwa ganin likita. Bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da ƙafafuna sun ishe ni.

Abin da nake taƙama da shi a layin nan guda ɗaya ne. Duk tsawon zamana, babu maƙwabcin da ya taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa da ƙorafi. Mu kaɗai ne baƙi masu iyali a gidan benen, kuma saboda wannan shaida ne in ɗalibi ya zo daga gida yana neman ɗaki, na kai shi wurin mai gida, ake ba shi ba tare da dogon bincike ba. Ina tattalin sunan nan kamar ƙwai a cokali.

Maganar mota a Fayyum ta samo asali. Wata rana na ari ƙaramar motar wani abokina, na ɗebi maman yara da 'ya'yanmu mata uku, muka tafi ganin tafki da tuddan rairayi. Ina sauka daga kwalta da 'yar tazara motar ta kafe. Na taka, tayoyin gaba suka yi ta tona rami kamar kaza. Babu kowa kusa. Dole maman yara ta ɗaure mayafi a ƙugu, ita da 'yan matan suka yi ta turi ina ciki ina riƙe da sitiyari. Da muka fito, rairayi har cikin haƙoranta, ta zauna ta kalle ni.

"Malam, duk ranar da Allah Ya hore maka mota, ka sayo wadda ba zan tura ba. Shi ke nan roƙona."

"In sha Allahu, Hajiya."

"A'a, ka ce ka yi alkawari. Na san in sha Allahunka iri biyu ne."

Na yi dariya, na yi alkawari.

Da hali ya samu, na fara neman mota irin wadda tayoyinta huɗu duk suke ja, mai shiga rairayi ta fita. Ni kuma nawa sharaɗin shi ne shan mai. Fetur a garin nan ba ya tashi ya dawo, in ya hau ya hau ke nan, kuma cunkoson Alƙahira yakan sa mota ta sha mai tana tsaye wuri ɗaya. Ba na son abin da zai riƙa cin abincin yarana. Sai dai zuciya ba ta da ƙashi. Idona ya riga ya faɗa kan manyan jif-jif ɗin nan masu tsayi, waɗanda in mutum ya shiga layi da su kowa sai ya waiwayo.

Na kai labari wurin mai gadin gidanmu, wanda a nan ake kira bawwab. Tsoho ne mutumin kudancin Masar, siriri, kullum cikin jallabiya da rawani. Kowa yana ce masa Ammu, ni kuwa a gida Baffa muke kiransa, har ya saba yana amsawa. Na nuna masa hoton wata baƙar jif a waya, ina jiran ya sa albarka. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini wayar.

"Ya Shaikh, me na yi maka?"

"Kamar yaya, Baffa?"

"Wa zai tura wannan raƙumar? Ni?"

A nan sai na yi wa wanda bai san Alƙahira ba bayani. Layinmu motoci sun fi wurin ajiye su yawa. Waɗanda suka daɗe da mota su ke da gefen titi. Wanda ya zo daga baya, sai ya ajiye tasa a jikin tasu, ya tare su, abin da suke kira sahu na biyu. Wannan ba laifi ba ne a wurinsu, amma da ƙa'ida: ka bar giya a firi, kada ka ja birkin hannu, ka miƙe tayoyi. In na ciki zai fita, Baffa ya sa kafaɗa ya gusar da taka gaba ko baya, ya sa mata ɗan dutse. Shekara goma sha ɗaya ina ganin ana yi ta taga, ban taɓa tunanin wata rana zai shafe ni ba.

Baffa ya ce wurina a jikin motar Dakta zai kasance. Dakta likitan haƙori ne da ke hawa na biyu, mutumin kirki, amma in ransa ya ɓaci har ƙarshen layi ana jin muryarsa. Baffa ya tuna mini da wani ɗan haya da ya taɓa kawo ƙatuwar mota mai canza giya da kanta, irin wadda makulli ba ya fita sai an kulle giyar. Kowace safiya sai an hau bene an taso shi. Bai cika shekara ba ya tattara ya bar layin, babu wanda ya raka shi.

Na koma ciki. Na gaya wa maman yara cewa yanzu sharaɗi ya zama uku: ita tana son wadda ba za ta tura ba, Baffa yana son wadda zai iya turawa, ni ina son wadda ba ta shan mai.

"To ka tafi da shi kasuwar mana," in ji ta. "Wanda zai ɗauki kaya ai shi ya kamata ya jinjina."

Haka aka yi. Ranar Juma'a da hantsi muka nufi kasuwar motoci, Baffa ya sa jallabiyarsa ta zuwa biki. Fili ne makeke, motoci iya ganinka, kowace da mai ita a jingine yana yabonta. Wani dillali mai tumbi ya tare mu, yana jin abin da nake nema ya ja ni gaban wata baƙar jif, kamar an ciro ta daga wayata.

"Ya Basha, wannan dutse take hawa. Fetur kuwa shinshinarsa kawai take yi, wallahi."

Na ce masa ya daina rantsuwa, ranar Juma'a ce. Na shiga na zauna, kujerar ta rungume ni, na ji kamar wani hakimi. Ina cikin wannan daɗi sai Baffa ya leƙo ta taga ya ce in sa ta a firi. Ya zagaya baya, ya tattare hannun riga, ya yi bisimilla, ya sa kafaɗa. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, takalminsa ya zame, motar ko motsi.

Dillalin ya buɗe baki. "Me Hajji yake yi? Motar tana tashi fa! Ga makulli!"

"Na san tana tashi," in ji Baffa yana haki. "Wadda ba ta tashi ba nake gwadawa. Yalla, ya Shaikh, sauko."

Na sauko ina waiwayenta. Daga nan muka bi layi-layi, duk wadda na nuna Baffa ya tura. Mutane suka fara binmu suna dariya, wani yana cewa ga sabon injiniya ya zo, wani yana kira, "Hajji, zo ka gwada tawa, ko jariri zai tura ta!" Baffa bai kula kowa ba. Wata ya ce ta cika taurin kai, wata ya ce sai dai a kira surukansa su taya shi. Da na yi ƙorafi cewa ni shan mai na zo dubawa, ba kokawa ba, sai ya tsaya ya goge zufa da bakin rawani.

"Ya Shaikh, kai ne mai karatu, ni ban yi ba. Amma injin nan shi ma turawa yake yi, kamar ni. Ni in na tura mai nauyi, burodi biyar nake ci. Wadda ta yi wa bayana nauyi, za ta yi wa aljihunka."

Na kwana biyu ina tambayar kanikawa da direbobi, kowa da lissafinsa, ga shi tsoho ya taƙaice mini a magana ɗaya.

Can gefe muka samu wata ƙarama, fara, mai kujera biyar da giyar hannu, kusa da giyar kuma akwai wani ƙaramin ƙarfe da ake ja in an shiga rairayi, tayoyin gaba su kama aiki tare da na baya. A kan kwalta biyu ne kawai suke ja, shi ya sa ba ta da haɗama. Mai ita wani malamin makaranta ne mai ritaya, ba shi da yawan magana. Da na tambaye shi shan manta, bai rantse ba, ya ce in zo mu cika tanki mu zagaya in gani da idona. Baffa ya dafa ta da hannu ɗaya, ta gangara kamar tana jiransa.

"Tamam," ya ce. "Wannan 'yar mutunci ce."

Muka yi sallar Juma'a a masallacin da ke kusa, na yi addu'ar neman zaɓin Allah. A cikin makon bakanike ya duba ta, aka gama takardu, ranar Alhamis da yamma na shigo da ita layinmu. 'Yan matana suna ta tsalle a baranda. Na ajiye ta a jikin motar Dakta, na sa giya a firi, na miƙe tayoyi, na karanta abin da ya sawwaƙa, na kulle. Juma'a Dakta ba ya fita, ni ma ban fita da ita ba.

Ranar Asabar da sassafe na tafi Wustul Balad, tsakiyar birni, raka wani dattijo asibiti. Mai hankali ba ya kai mota can, don haka jirgin ƙasa na bi, makulli yana aljihuna. Muna zaune muna jiran layi sai ga wayar maman yara.

"Malam, ka ja birkin hannu?"

"Haba Hajiya, ni da na..."

Sai na tuna. Ni a gida na koyi tuƙi, da a-kori-kurar mahaifina, kuma ƙofar gidanmu gangare ce. In ka sauka ba ka ja birki ba, ranar kunnenka zai gaya maka. Hannuna ya yi aikinsa tun ranar Alhamis ban sani ba. Ta cikin wayar ina jiyo muryar Dakta, kamar yana tsaye a kaina.

Na damƙa dattijon a hannun ɗansa, na fito na tari tasi. Duk hanya salati nake yi, ina tuna ɗan hayar nan da ya tafi babu rakiya. Shekara goma sha ɗaya ina gini, kwana biyu da mota na rushe.

Na sauka a bakin layi na sheƙa da gudu, makulli a sama. Abin da na hango ya tsayar da ni. Maza bakwai ne a bayan motata: mai guga, mai sayar da wake, ɗalibanmu biyu, wani direba, mai kantin magani, da Dakta kansa, ya cire kwat ya naɗe hannun riga. Baffa yana gefe yana ba da umarni kamar sarkin yaƙi. Birkin hannu tayoyin baya yake kamawa, na gaba a sake suke, don haka suka ɗaga bayan suka yi gaba da ita.

"Yalla! Ya Rabb! Saura kaɗan!"

Kafin in iso sun dire ta. Na tsaya gaban Dakta, na rasa da wane harshe zan fara.

"Dakta, ma'alish, ka yi haƙuri, wallahi sabo ne..."

Ya kalle ni yana numfashi sama-sama, fuskarsa ta yi ja. Ya kalli tafin hannunsa da ya yi baƙi. Sai ya shiga motarsa ya ja, bai ce mini uffan ba. Baffa ya dafa ni ya ce in hau sama in sha ruwa.

Ranar ban iya cin abincin rana ba. Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa, ƙwanƙwasar da na shekara goma sha ɗaya ina gudu. Maman yara ta kalle ni, na kalle ta. Na tashi na buɗe. Dakta ne, riƙe da faranti an rufe da adiko.

"Mabruk, ya Shaikh. Ba a shigo da sabuwar mota layi babu zaƙi." Ya miƙo mini basbusa, wani kek nasu mai zaƙi. "Da safe ban yi magana ba don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Shekara ashirin ana tare ni a layin nan, yau ne na fara samun motar da zan iya ɗagawa. Ammu ya ba ni labarin raƙumar da ka so saye. Da ita ka kawo, da yanzu ni da kai muna ofishin 'yan sanda."

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. "Khalas, ya wuce. Amma da tara. Ka ba Ammu makulli ɗaya ya rataye. Kuma ranar da za ku Fayyum, ina bin ku a baya da iyalina, in na kafe ka ja ni."

Na biya tarar duka biyu. Maman yara ta mayar da farantin cike da dambun nama, don a nan ba a mayar da faranti wayam. Ni kuma na samu 'yar takarda na rubuta da ajami, da tawada irin ta allo, "Kada ka ja birki", na manna kusa da sitiyari. Har yau in Bamisire ya shiga motar yakan ƙura mata ido, ya ga haruffan nasu ne amma maganar ba tasu ba, ya tambaye ni wace addu'a ce. Nakan gaya masa gaskiya.

Da muka koma Fayyum, na tsaya a daidai inda muka taɓa kafewa, na ja ƙaramin ƙarfen nan, motar ta ratsa rairayin kamar tana kan tabarma. Maman yara gyara zama kawai ta yi, ta miƙe ƙafa. Muka je muka dawo allurar mai ba ta sauko rabi ba, alhamdu lillahi. Dakta kuwa sau biyu yana kafewa, sau biyu ina ɗaura igiya ina jan shi, yana leƙowa ta taga yana yi mini ihu in bi a hankali.